Daren da Zazzaɓi Ya Sauka

Ƙarfe biyun dare a Can Tho, ruwa bai ɗauke ba.
Ni ce mai tsaron kwalaben jini a hawa na uku,
Ngan Ha, wadda ba a tunawa da ita sai sakamako ya makara.
An miƙo mini kwalba da suna a jikinta:
Khai, shekara bakwai, gado na sha ɗaya.

Uwarsa abarba take sayarwa cikin kwalekwale.
Ɗazu ta tare ni a gindin matakala,
yatsunta duk tsagar wuƙa, fuskarta fal murna,
wai jikinsa ya yi sanyi, zazzaɓin ya sauka.
Na gyaɗa kai, na haɗiye magana.
A ciwon dengi, ranar da zazzaɓi ya sauka
ita ce ranar da likita ba ya cire takalmi.

Sauro ne ya kawo baƙuwar, haka ne,
amma ba ita kaɗai ke ta'adin ba.
Cikin jini akwai 'yan aike,
ƙananan furotin, sitokin muke ce musu,
ba jaka, ba takarda,
su kansu su ne saƙon.
Wannan ya ce a hura wuta,
wancan ya ce a buɗe jijiya mayaƙa su wuce.
Ba don shelarsu ba, ƙaya ma ta isa ta kai mutum kushewa.

Sai dai yaron ya taɓa yin ciwon, bara waccan,
wani iri dabam, ɗan'uwan wannan.
Jiki ya hango fuska ya ce ai na san ta,
ya kira ta da sunan da ba nata ba.
Yanzu ɗan aike ɗaya na tayar da goma,
goma na tayar da ɗari,
kowa na magana, babu mai saurare.
Ƙofar da aka ce a ɗan sassauta an ɓalle ta har da ƙyaure,
ruwan jini na tsiyaya cikin ciki da bayan huhu,
abin da ya saura a jijiya ya yi kauri kamar kunun shinkafa.
Garin gyaran gira ake rasa ido.

Farantina mai ramuka casa'in da shida ne.
Ina ɗiga, ina wankewa, ina jira.
Ramin intalukin shida ya rine ɗorawa shar.
Na duba na goma, wanda aikinsa cewa ya isa haka,
shi ma ya cika ya batse:
yana ta ihu a yi shiru.

Na san muryoyin nan tun daga gida.
Su ne suka kwana shekara ashirin a gaɓoɓin mahaifiyata
suna kiran yaƙi alhali babu maƙiyi,
har yatsunta suka karkace kamar saiwar citta,
har ta daina ɗaure gashinta da kanta.

Can ƙasa, nas Tuyet na ƙirga ɗigon ruwa.
In ya yi kaɗan jini ya tsaya,
in ya yi yawa huhu ya nutse.
Babu maganin da za ta aika ya ce wa taron a watse,
nata dai ta riƙe yaron daidai wuya
har su gaji don kansu.

Kwana biyu aka yi a haka.
Da asubar na uku ya cika kwalbar fitsari,
Tuyet ta ɗaga ta sama kamar wadda ta ci kofi,
ya buɗe ido ya ce shi fa yunwa yake ji.

A bakin ƙofata na tarar da abarba, an fere ta,
an cire mata idanu ɗaya bayan ɗaya.
Na ci a tsaye.
Sauran jininsa na rubuta masa lamba
na sa a firji mai sanyin tamanin ƙasa da sifili,
inda 'yan aiken ke kwance har yau
da saƙon da ba mu gama karantawa ba.